Ɗanyen Itacen Da Na Kai Gidan Surukai

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo mini a gemu ba, na yi fama da wata cuta da ba a koya mana ita a makarantar likitanci. Kullum na dawo daga sallar asuba, kafin ko shayi ya shiga bakina, sai na ɗauki waya na buɗe wani shafi na duba wata lamba. In ta ƙaru, ranar har mai gadin asibiti sai ya ga haƙorana. In kuwa tana nan inda na bar ta jiya, marasa lafiya ne za su riƙa tambayata ko lafiya.

Bari in yi wa waɗanda Allah ya tsare daga wannan harka bayani. Mu masu bincike, in ka gama aikinka ka rubuta, sai a buga shi a mujallar masana. Daga nan ba mai tambayarka ko aikin ya amfani wani. Abin da ake dubawa shi ne mutum nawa suka yi nasu rubutun suka kafa hujja da naka, suka ambaci sunanka. Akwai shafi a intanet da ba shi da aiki sai ƙirga wannan ambaton. Da shi ake auna mutum in an zo ƙarin girma, da shi ake gayyatarka taro, da shi kuma abokan aiki ke yi wa juna kallon sama da ƙasa.

Ni fannina lafiyar mata ne, ciki da haihuwa da abin da ke biyo bayansu. Ina aiki a wani asibiti a nan Wudil, ina kuma haɗa bincike da wasu malaman jami'a. Rubutun da ya fi jawo mini suna a kan wankan jego ne da kunun kanwa. Ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba, manya sun riga ni faɗa. Ni dai na bi ƙauyukanmu ne na tattaro, na nuna cewa mai jegon da ke da hawan jini ko raunin zuciya, in aka haɗa mata tafasasshen ruwa safe da yamma da kunun da aka cika wa kanwa, ana ɗora wa zuciyarta kayan da ba lallai ta iya ɗauka ba. Turawa suka so rubutun nan. Sai ka ga wani daga ƙasar da ko a taswira sai na lalubo ta ya ambace ni. Kaina ya kumbura har tafiyata ta canja.

A wannan lokacin ne abokina, wanda shi ma likita ne amma mai kula da ƙananan asibitocin ƙauye, ya matsa mini in zo in yi wa malaman asibitinsa mata bayanin rubutun da Hausa. Na yi ta zille masa. Na ce masa, “Malam, wannan fa ba ya shiga lissafi. Ba wanda zai ambace ni don na yi magana a ƙarƙashin bishiya.” Da ya ishe ni dai na je wata rana da yamma, na yi musu bayani a tsaitsaye ina duba agogo, aka ba ni lemon kwalba mai ɗumi, na dawo ina mita. Na manta da zancen gaba ɗaya.

Sai Allah ya ba mu haihuwar fari. Matata 'yar Utai ce, wani gari nan kusa da Wudil, kuma kowa ya san haihuwar fari a gida ake wanka. Bayan suna aka kwashe ta da jaririn aka kai wa mahaifiyarta, sai an yi arba'in. Matsalar ita ce tun cikin ya tsufa jininta ke hawa, ƙafafunta suka kumbura, da magani muka lallaɓa har ta sauka. Wato irin matar da na rubuta a kanta ke nan, babu ragi babu ƙari.

Kafin a tafi da ita na ja ta gefe. Na ce, “Ki gaya wa Inna ban da ruwa mai zafi sosai, ban da kanwa.”

Ta dube ni ta ce, “Ni?”

Na ce, “To wa?”

Ta ce, “Kai da Turawa ke karanta ka, ai kai za ka gaya mata. Ni in buɗe baki in ce wa Inna ba ta iya jego ba? Ka san ƙanwarta a jego ta rasu. Jikinta ya kumbura, aka ce sanyi ne ya shige ta don ba a gasa ta sosai ba. Tun daga nan Inna ba ta wasa da wuta.”

Na ce ta bar mini, wannan ƙaramin abu ne. Ni da na tsaya gaban farfesoshi da majigi a bayana na yi magana ba gargada, tsohuwa ɗaya ce za ta gagare ni?

Ranar da na fara zuwa, tun daga gada nake bitar jawabina a mota. Na tsara shi tsaf, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na yi sallama, na tuɓe takalma tun daga zaure, na shiga na tsuguna nesa da tabarmar Inna, kaina a ƙasa. Ita ma ta juya fuska gefe ta ja mayafi. Aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ya gida, ya mai jego, ya kwanan baƙo, ya mutanen Wudil, ya su Hajiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Muka kai ƙarshe muka sake dawowa farko. A gefen tsakar gida kuwa ga wata ƙatuwar tukunya a kan murhu tana ta ɓararraka, ga damin ganyen darbejiya a jiƙe cikin bokiti.

Na buɗe baki zan fara gabatarwa, abin da ya fito shi ne, “Sannu da ƙoƙari, Inna. Allah ya saka da alheri.”

Ta ce, “Amin.” Sannan ta dubi bangon ɗaki, don ba ta yi mini magana kai tsaye, ta ce wa bangon, “A gaya wa Likita itace ya kusa ƙarewa. Kanwar ma saura kaɗan.”

Na ce, “To, Inna. Gobe in sha Allahu.”

Kun ga inda abin ya tsaya ke nan. A al'ada miji ne ke kawo itacen wanka da kanwa da kayan yaji. Wato mutumin da aka fi ambata a faɗin ƙasar nan a kan illar wankan jego, shi aka ɗora wa kwangilar kawo kayan aiki.

A hanyar dawowa wata dabara ta faɗo mini, har na buga sitiyari don jin daɗin kaina. Tunda bakina ya kasa, bari itace ya yi magana. Da safe na je wurin mai itace na wuce busassun na nuna wani tuli a baya.

Ya ce, “Likita, wannan ai jiya aka sare shi. Ɗanye ne sharaf, ruwa ma yake fitarwa.”

Na ce, “Shi nake so.”

Ya ƙare mini kallo, ya ɗaga kafaɗa, ya loda. Lissafina shi ne ɗanyen itace ba zai ci da kyau ba, ruwa zai tsaya a ɗumi, kowa ya huta ba tare da na yi wa surukata rashin kunya ba. Kanwa kuma na ce na manta.

Allah ya nuna mini iyakar ilimina. Da na koma bayan kwana biyu, tun daga bakin layi na hango hayaƙi, har na ɗauka gobara ce. Inna na durƙushe gaban murhu tana fifita da faifai, idanunta jajur suna ta ruwa, ta cusa kara da buntun shinkafa a ƙarƙashin ɗanyen itacena. Ruwan bai fasa tafasa ba. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu tana tashi da wuri ta hura wutar, kuma duk gidan tari ake yi, har da ɗana.

Magana kuma ta zaga Utai: surukin gidan nan likita ne guda amma ɗanyen itace ya kawo, ko kanwar jego ya kasa saya. Maƙwabta suka tausaya wa matata. Wannan ta aiko da dunƙule, waccan ta aiko da ƙulli a leda. Kanwar da ta taru a gidan nan ta ishi garken shanu. Ranar Juma'a kuma wani ɗan Utai ya ci kasuwar Wudil, ya haɗu da mahaifina, ya tsegunta masa. Kafin la'asar mahaifina ya cika a-kori-kura da busasshiyar ƙirya, irin wadda in ta kama sai ta wuni tana ci, ya aika da ita tare da ban haƙuri. Sannan ya kira ni a waya.

Ya ce, “Me muka yi maka da za ka zubar mana da mutunci a gidan mutane?”

Na ce, “Baba, akwai dalili.”

Ya ce, “Dalilin ɗanyen itace? In albashin ne bai isa ba ka faɗa mini.”

Wallahi na rasa ta inda zan fara. Yaya zan zauna in yi wa mahaifina bayanin abin da ake yi wa mai jego a bayan ɗaki? Na ba shi haƙuri na kashe waya. Sakamakon bincikena na wannan makon ke nan: itace ya ninku, kanwa ta ninku.

Na garzaya wurin mahaifiyata, ina ganin tsohuwa da tsohuwa za su fi jin juna. Ita kuwa dama ba ta taɓa gaya wa kowa fannina ba. In aka tambaye ta sai ta ce, “Yana nan yana aikin asibiti, yana ɗan rubuce-rubuce.” Da aka je neman aurena ma haka aka gaya wa surukaina, kuma har ranar iyakar abin da suka sani ke nan. Na zauna na fara kewaye-kewaye. Da ta gane inda na dosa sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, “Kai, tashi ka ba ni wuri. Duk cututtukan duniya, ga ido ga haƙori ga ƙashi, ba ka ga wanda za ka karanta ba sai sirrin mata. Na yi shiru na bar ka. Yanzu kuma so kake in je gidan surukai in ce ɗana ne ya aiko ni a kan wankan matarsa? Kai ma da ruwan nan aka yi jegonka, ga ka nan da bakin magana.”

Na tashi na ba ta wuri.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Wata rana na je da abin awon jini a aljihun riga, na auna matata a ɗaki. Jinin ya hau fiye da yadda na bar shi, duk da maganin da take sha. Ƙafafun sun ƙara kumbura, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ta ce in ta fito daga wanka sai ta ji numfashinta na yin sama-sama. Na ce ta riƙa zubar da kunun a ɓoye. Ta ce Inna a gabanta take zama har sai ta ga gindin ƙoƙo, kuma tunda ta ga kumburin nan ta ƙara wuta, don ta ce alamar sanyi ce.

Ina riƙe da hannunta wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga shafin nan, wai wani masani a wata ƙasa ya ambaci rubutuna. Da a da ne da na yi murmushi har kunne. Ranar kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Tsoro kuma ya shige ni sosai, don na san ƙarshen wannan hanya, na gan shi a gadon asibiti ba sau ɗaya ba.

Na fito na tsuguna gaban Inna na tattaro duk ƙarfin halina. Na ce, “Inna, dama ruwan wankan nan ne nake so in ce…”

Ta dubi bango ta ce, “Bai yi zafi ba ko? Na faɗa musu. Ɗanyen itacen nan ne ya cuce mu a farko. Amma a gaya wa Likita ya kwantar da hankalinsa, yanzu da ƙiryar Alhaji ta zo, sai dai a sirka da haƙuri.”

Na ce, “To, Inna.”

A mota na zauna na daɗe ban tayar ba. Na kira abokina na zayyane masa komai. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nutsu ya ce, “Mutumina, ka canja mata magani yau. In bai sauka ba ka ɗauko matarka, ko za a shekara ana zaginka.” Haka na yanke. Na koma ciki na canja maganin, na ce wa matata ta haɗa kayanta a ɓoye, jibi zan zo in tafi da ita. Cire mai jego daga gidan iyayenta kafin arba'in ba ƙaramin cin fuska ba ne. Na san Inna ba za ta ƙara kallona da mutunci ba, na san mahaifina zai iya daina amsa gaisuwata. Amma na gwammace haka.

Ranar na iso Utai da hantsi, na sa babbar riga don in an kore ni a kore ni da kwarjini. Ina shiga na ga abin da ya tsayar da ni. Murhu a kashe. Ƙatuwar tukunyar nan an kife ta a jikin katanga, kaji na kiwo a gefenta. Na tsuguna, aka gaisa, kuma a karo na farko tun da na auri 'yarta, Inna ta bar bango ta juyo wajena.

Ta ce, “Likita, jiya mun kai yaron nan allurar rigakafi.”

Na ce, “Madalla, Inna.”

Ta ce, “Malamar asibitin ta ga ƙafar yarinyar nan, ta ɗaura mata abin awo, ta kira ni gefe. Mace mai hankali. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Ashe kumburin nan ba sanyi ba ne. Ashe kanwa gishiri ce, ruwa take tara wa mutum a jiki, zafin kuma zuciya yake gajiyarwa. Ta ce mai irin jininta ruwa mai ɗumi ya ishe ta, kunu kuma a dama shi ba kanwa, a riƙa kawo ta awo.”

Ta shiga murza bakin mayafinta. Can ta ce, “Haka ƙanwata ta kumbura. Mu kuma muka yi ta ƙara mata wuta.”

Na sunkuyar da kai.

Ta share ido ta gyara zama, murya ta dawo daidai. Ta ce, “Wai wani babban likita ne ya bi ƙauyuka ya yi bincike ya gano haka. Har ya taɓa zuwa ya koya musu. Na tambaye ta sunansa, ta ce ya shige mata, wai dama a gurguje ya zo ya tafi. Allah dai ya yi masa albarka, ya jiƙan mahaifansa.”

Na ce, “Amin, Inna.”

Ta ce, “Kai ma da kake aikin asibiti, ka riƙa kusantar irin waɗannan kana tambaya, za ka ƙaru. Ba wai ka yi ta jibgo mana itace ba, kai da Alhaji, kuna neman ku kashe mini 'ya.”

Daga cikin ɗaki na ji wani sauti. Matata ce ta cusa fuska a filo tana dariya har gado na motsi. Ni kuwa ina tsugune cikin babbar riga na ce, “Gaskiya ne, Inna. Za a gyara.”

Jinin ya sauka a hankali, kumburin ya saɓe, ta ƙarasa arba'in ɗinta a gidansu ta dawo mini lafiya lau. Ƙiryar Alhaji kuwa da ita aka yi ta tuwo a gidan har damina.

Yau yaron nan ya fi uwarsa tsawo. Lambar da nake dubawa ta ninka yadda take, ƙarin girman da nake hanƙoro ya zo, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu nakan leƙa shafin. Sai dai yanzu in abokina ya kira ya ce akwai malaman asibiti a ƙarƙashin bishiya, nakan cire agogo in bar shi a mota. Cikin duk waɗanda suka ambace ni a duniya ba wanda ya kashe murhu ko ɗaya a Utai. Wadda ta kashe shi ko sunana ba ta riƙe ba.

Inna har gobe ba ta sani ba. Na so in faɗa mata, matata ta ce in na kuskura na faɗa, sai an tambaye ni me ya hana ni magana tun farko, kuma za a dawo da zancen ɗanyen itace. Na ga gaskiyarta na ja bakina. Yanzu duk mai jegon da aka kawo unguwarsu, Inna ce ke zuwa ta tsoma gwiwar hannu a ruwan wanka ta ce a sirka, haka likitan nan ya ce.

Da sallar da ta wuce mun je gaishe ta. Ta tsufa sosai, ji ya ragu, sai an ɗaga murya. Muna shirin tafiya ta ce, “Likita, wai ka taɓa haɗuwa da likitan nan kuwa?”

Na ce, “Mukan haɗu, Inna.”

Ta ce, “To in ka gan shi ka ce wata tsohuwa a Utai tana gaishe shi.”

Na ce, “Zai ji.”